Ƙara Ɗaya, Har Sau Bakwai

Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da bakwai, kuma matata ce ta tura ni. A lokacin ni masinja ne a wata ma'aikatar tarayya a Abuja. Aikina in kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, in haɗa wa Darakta shayi, in tsaya a bakin ƙofa idan ana taro. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar takardu ban san abin da ke cikinsu ba. Da launin bango nake gane fayil, da kuma hannun wanda ya yi rubutu a kai. Kullum akwai biro a aljihun gaban rigata, don kowane masinja yana saka ɗaya, kuma da yamma nakan koma gida da tsofaffin jaridun Darakta a hammata. Wanda ya gan ni a hanya zai ce ga mai karatu. Jaridun nan tukwane ake naɗewa da su.

A Dutse Alhaji muke haya, ɗaki biyu. Matata tana sarin tukwane daga wajen matan Ushafa tana kasawa a bakin titin Bwari. Shekarun da farar hula suka dawo mulki ne, gari sai gini ake yi, duk wanda ya tare a sabon gida yana son tukunyar fulawa a ƙofarsa. Ciniki ya buɗe mata har ta saya mana wayar hannu guda biyu, waɗanda aka taɓa amfani da su. 'Yarmu ɗaya ce, ta yi aure tana Suleja, saboda haka mu biyu ne kawai a gidan.

Ranar da ta miƙo mini wayar ta ce, "Malam, ga ta nan. Amma fa tana rubutu, kai kuma biron nan naka ban taɓa ganin abin da yake fitarwa ba. Ka je ka koya, kada waya ta fi ka ilimi."

Kira yana da tsada a lokacin, sai muka yi wa kanmu tsari, kamar yadda kowa ke yi. Filashin ake ce masa: ka kira, da ta yi ƙara ka kashe, ba a cire maka komai ba. Idan ta yi mini ƙara ɗaya, gaisuwa ce, tana nufin lafiya nake, kai fa? Ni ma sai in mayar mata da ɗaya. Idan biyu ne a jere, tana so in sayo wani abu a hanya, in kira ta idan na tashi aiki. Idan uku ne a jere, in bar duk abin da nake yi in kira. Sau ɗaya ta taɓa yin ukun, ranar da 'yarmu ta haihu. Amma tana da wata tsokana. Ranar da ciniki ya yi kyau, ko tana cikin nishaɗi, sai ta yi ta aiko da ɗaya-ɗaya duk yinin, ina mayar mata, har sai ɗayanmu ya gaji. Wannan tsarin babu wanda ya san shi sai ni da ita.

Ajinmu yana cikin wata firamare a Garki, Talata da Alhamis, daga huɗu da rabi zuwa shida. Masu gadi ne da direbobi da masu shara, muna zama a kan bencin yara gwiwoyinmu na dukan tebur. Malamarmu sa'ar 'yata ce, daga wajen Kafanchan. Da safe tana koyar da yara, da yamma mu. Yaran suna ce mata Mis, mu ma muka bi su, ita kuma tana ce wa kowannenmu Baba. Na daɗe ina zaton sunanta ke nan. Shekarar farko Hausa muka yi, har na fara haɗa baƙi a hankali. A ta biyu muka shiga Turanci.

Wata Talata wani ɗan ajinmu, direban tasi mai yawan ba'a, ya shigo a makare yana cewa ya yi misin farkon darasi. Mis ta rufe littafinta ta ce to yau wannan kalmar za mu yi. Ta rubuta haruffa huɗu a allo, ta ce kowa ya faɗi inda ya taɓa jin ta.

Ni na fi kowa saninta, don a kaina take ƙarewa. A ofis idan fayil ya ɓata sai a ce ya yi misin, kowa ya juyo ya kalli masinja. Idan ban isa bakin titi ƙarfe shida na safe ba, direban motar ma'aikata zai ce mini washegari, "Baba, jiya ka yi misin bas." Wani mai gadi ya ce a gidan kallon ƙwallo yake jin ta, idan ɗan wasa ya zubar da ƙwallo a gaban raga. Direban tasi ya ɗaga wayarsa ya ce mis kol, kiran da ba a ɗauka ba. Mis ta ce ita ma da muke kiranta haka, ana nufin macen da ba ta yi aure ba.

"To a cire miki shi bana," in ji direban. "Ga ni, motata ma tawa ce."

"Baba, ka fara iya rubuta sunanka tukuna," ta ce masa, aji ya ɗauki dariya.

Daga nan ta ce saura ɗaya, babu wanda ya kawo ta. Idan mutum ba ya kusa da kai, zuciyarka tana nemansa, da wannan kalmar ake faɗa. Ta rubuta jimlar a allo, kalma uku, muka maimaita a bayanta kamar yara. Kewa take nufi.

Bayan magariba na tarar da matata a tsakar gida tana naɗe ƙananan tukwane da jarida.

"Ɗalibi, yau me aka koya?"

Na lissafa mata duka a yatsu. Ta tsaya da naɗin tana kallona.

"Kai, Turawa marowata ne. Kalma ɗaya ga budurwa, ga ɓataccen fayil, ga motar da ta tafi ta bar ka? Kamar tukunyar nan, a zuba ruwa, a zuba gero, a shuka fulawa."

"Har da kewa," na ce.

"To ni a wane layi nake? Budurwa dai an wuce wurin."

"Ke ce mis kol."

Ta jefe ni da dunƙulen jarida. "Wato ni ce mai damunka da rana. Gobe ma sai na yi goma."

Jimlar nan ta allo tana bakina, na so in faɗa mata ko da wasa. Amma mu ba mu saba ba. Shekara ashirin da shida muna tare ban taɓa ce mata na yi kewarki ba, ko da Hausa, balle da yaren wasu. Na ce a raina sai wani lokaci.

Akwai wani abu da Mis ta ɗora mana duk Alhamis. Kowa ya zo da rubutun Turanci da ya ci karo da shi a makon, ko na jikin kwalin magani, ko na takardar wuta, ko abin da ya kwafo daga allon kan titi. Sharaɗinta ɗaya ne, kada ka ba kowa ya karanta maka. Ka gwada da kanka, in ya gagara ka kawo aji mu warware tare. Ni na riƙe wannan sharaɗi sosai, don na gaji da miƙa wa mutanen ofis takarda suna karanta mini da ƙarfi kowa na ji.

Alhamis ta mako na gaba na fita da asuba kamar kullum. Ta ce mini kanta na ɗan ciwo, na ce ta sha magani, ta ce ai za ta sha. Tana da hawan jini, mun sani, amma ta saba cewa haka.

Wajen sha ɗaya na safe ina tsaye a ƙofar ɗakin taro wayata ta yi ƙara ɗaya a aljihu. Na duba, lambarta ce. Na mayar mata da ɗaya. Bayan kamar rabin awa wata ta shigo, ɗaya. Na mayar. Kafin azahar ta uku ta shigo, na yi murmushi ni kaɗai a kan matakala, fayil a hannuna. Na ce yau an sayar da manyan tukwanen nan ke nan, ga shi tana cika alkawarin goman da ta yi.

Tsakanin nan ne saƙo ya shigo daga wata lamba da ban sani ba. Kamfanin waya yana aiko mana da talla kullum da Turanci, na ɗauka irinsa ne. Da aka tashi sallah na zauna a bencina na buɗe shi. Gajere ne, layi biyu. Na kwafe haruffan a bayan wani tsohon ambulan ina ƙoƙarin furta su, suka ƙi furtuwa. An yanke kalmomin, wasu harafi biyu ne kawai, har da lamba a tsakiyar magana. Ba irin Turancin littafinmu ba ne. Mai buga mana takardu tana zaune taku uku daga inda nake, tana cin gyaɗa. Da a ce na miƙa mata wayar, da kafin ta haɗiye ta bakinta ta karanta mini, amma ban miƙa ba. Sai na ji daɗi ma. Duk makon ban samu abin da zan kai aji ba, ga shi ya zo har aljihuna. Na ninke ambulan na sa a bayan biro.

Ƙarar ta ci gaba da zuwa ɗaya-ɗaya. Ta huɗu, ta biyar. Ta shida ina wanke kofunan shayi, na goge hannu a riga na mayar. Ta bakwai ta shigo huɗu saura kwata, ina shirin fita. Ita ma na mayar, har ina cewa a raina yau ba ni zan fara gajiya ba.

A aji ni ne na huɗu a layi. Na jira mai gadi ya gama da kwalin sabulunsa, na jira wata mai shara ta gama da takardar makarantar ɗanta. Ni mutum ne mai jira, an san ni da haka a ofis, har yabona ake yi. Biyar ta wuce kafin a zo kaina. Na miƙa wa Mis wayar na ce, "Yau na kawo mai wuya, ko ke sai kin yi gumi."

Ta karɓa tana dariya. Ina kallon fuskarta dariyar ta tafi.

"Baba, yaushe wannan ya shigo?"

"Tun kafin azahar."

Ba ta karanta wa aji ba. Ta jawo ni waje, ta ciro wayarta ta kira lambar. Na ji muryar da ta ɗauka daga inda nake tsaye, na kuma gane ta. Maƙwabciyarmu ce, wata tela mutuniyar Filato da muke ce wa Madam, shagonta yana daf da inda matata ke kasa tukwane. Mis ta rufe bakin wayar da hannu ta ce, "Saƙon ya ce ka zo yanzu, matarka tana asibiti, jiki ya yi tsanani. Tun safe ta faɗi, Baba. Tana da rai. Ka tafi."

Direban tasin nan ne ya ɗauke ni, bai bari na nemi mota ba. Duk ba'arsa, tun daga Garki salati kawai yake yi. Lokacin tashi aiki ne, duk wanda ke aiki a cikin gari yana komawa inda yake kwana, hanyar Kubwa ta cushe. Ya bi gefen titi, ya bi ta cikin gidan mai, ya sha zagi. Ni kuma ina ta kiran lambar matata, kira na gaske, irin wanda ban yi ba duk yinin. Madam ta ɗauka sau biyu tana cewa mu yi sauri. Na uku ba ta ɗauka ba. Muna cikin cunkoso aka kira magariba.

Da muka isa na tarar da Madam zaune a kan dakalin bakin ɗakin, wayar matata a cinyarta. Da ta gan ni ba ta tashi ba. Na gane.

An rufe ta da zanenta. Na buɗe fuskar, na yi mata addu'a, na tsaya. Akwai jar ƙasar tukunya a ƙarƙashin faratanta. Nas ta ce jijiya ce ta fashe a kanta, ko da na zo da wuri babu abin da zan iya yi. Na yarda da wannan, kwana ne ya ƙare. Amma ba magani take nema daga wurina ba. Madam ta ce har bayan la'asar tana magana, bakin ya karkace amma ana ji, kuma abu ɗaya take maimaitawa, Malam ya zo?

Sai bayan kwana uku, da mutane suka ragu, Madam ta shigo ta zauna a bakin ƙofa ta faɗa mini yadda aka yi. Hausarta irin ta nan garin ce, ba ta bambanta mace da namiji.

"Baba, yana jera tukunya ne ya faɗi. Na sa shi a mota na kai asibiti. Wayansa babu kuɗin kira, nawa ma na saƙo ɗaya ne kawai ya rage. Na yi maka filashin in ga ko za ka kira. Sai ka yi filashin. Ina ɗauka, ya yanke. Na jira, na sake. Ka sake. Na ce wannan mutum wasa yake da ni? Ban iya barin shi in je neman kati ba, hannuna yake riƙe."

"Da kin yi uku a jere," na ce.

"Uku na me?"

Ta ina za ta sani?

"Kuma na tura maka saƙo, Baba. Kai ma'aikacin gwamnati ne, kullum da biro, kullum da jarida. Wallahi na ɗauka kana karantawa."

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Ita ce ta riƙe hannun da ya kamata in riƙe.

A ranar ne surukina, mijin 'yata, ya karɓi wayata zai sa mini kati, ya ce, "Baba, kiran Mama na nan a jere." Ya nuna mini inda waya ke ajiye kiran da ba a ɗauka ba. Guda bakwai, kowanne da lokacinsa. Ya ce goma kawai take riƙewa, idan sabo ya shigo na ƙasa ya fita. Masu ta'aziyya sun riga sun cika guraben ukun da suka rage lokacin da muke maƙabarta.

Daga ranar na zama mai saurin ɗaukar waya. Kafin ta gama ƙarar farko na danna, don kada kiran wani ya zauna ya ture nata. Idan zan yi sallah ko zan shiga taro sai in kashe ta gaba ɗaya. Duk da haka suka yi ta fita. Kiran ƙarfe sha ɗayan safe ya tafi ina wanka. Na biyu ya tafi a cikin bas, hayaniya ta hana ni ji. Wani abokin aiki ya yi mini filashin sau uku a rana ɗaya don in kawo masa fayil, na sauko na same shi na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa kowa ba a ma'aikatar, shi kuwa bai san abin da ya yi ba. Da ya rage saura biyu na sayi wata waya da sabon layi. Tsohuwar na kashe ta na sa a cikin wata 'yar tukunya da ta rage ba a sayar ba. Nakan kunna ta ranar Juma'a in duba in kashe. Bayan shekara biyu batirin ya kumbura, ba ta ƙara kamawa ba.

Ban koma aji ba sai bayan wata biyu. Na tarar Mis ta daina sa mutane kawo rubutu ranar Alhamis. Da aka tashi ta tsayar da ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce ita ce ta ce kada mu ba kowa ya karanta mana. Na ce mata, "'Yata, ke karatu kika koya mini. Jiran nawa ne." Na roƙe ta ta dawo da shi, sai dai ta canza sharaɗin, saƙon waya a ba na kusa ya karanta nan take. Na kuma roƙe ta ta koya mana irin yankakken rubutun nan na waya. Ta yi mana mako uku a kansa. Ambulan ɗin yana nan a wurina, yanzu ina karanta shi ba tare da na tsaya ba.

A littafina na aji akwai shafin ranar da muka yi kalmar nan. Na jera ma'anoninta da rubutuna na lokacin, manya-manya a karkace, jimlar allo tana ƙasa. Na iya rubuta ta yanzu da kyau, na iya furta ta. Ban taɓa faɗa wa kowa ita ba.

Na yi ritaya, na bar saka biro a aljihu sai in zan yi rubutu. Kira ya yi araha, mutane sun rage filashin, amma har yanzu akan samu. Duk wanda ya yi mini, ko na san lambar ko ban sani ba, kira nake yi. Makon jiya wata lamba ta yi ƙara ɗaya ta yanke ina cin abinci. Na wanke hannu na kira. Wani mutum ne da ban sani ba, ya ce, "Yi haƙuri Baba, kuskure na yi."

Na ce, "Ba komai. Amma kowa lafiya a wajenku?"

Ya ce lafiya lau. Sannan na kashe.